Yadda ake adana fayilolin da manhaja ta fitar a cikin teburin rumbun bayanai

A ƙananan ofisoshin da Hausawa ke aiki a Jidda da Makka da Madina, musamman na masu kargo da ke tura kaya Kano da Yamai da na masu hidimar baƙin Umra, kusan kowace manhaja tana da maɓallin da ake dannawa ta fitar da fatura ko rahoton wata ko jerin sunayen matafiya a matsayin PDF ko Excel ko CSV. Abin da aka saba shi ne fayil ɗin ya faɗa cikin foldar kwamfutar wanda ya danna, daga nan a tura wa mai shi ta WhatsApp, magana ta ƙare. Bayan watanni, idan ɗan kasuwar da ya yi sayayya a kasuwar Bab Sharif ta Jidda ya dawo yana cewa kilo 204 aka rubuta masa ba 240 ba, sai a sake danna maɓallin, manhaja ta haɗa wata faturar daga bayanan da ke rumbu a yau, waɗanda wataƙila an riga an gyara farashinsu ko nauyinsu. Wannan sabon fayil ba shi ne wanda aka miƙa masa ba, saboda haka ba zai raba gardama ba. Abin da za a bayyana a nan shi ne yadda za a riƙa ajiye ainihin fayil ɗin da ya fita, ba tare da ko bayit ɗaya ya sauya ba, kamar dai kwafin kabon da ke zama a cikin littafin rasit bayan an yage na sama an ba mai saye.

A Saudiyya lamarin ya wuce batun gardama da abokin ciniki. Tun ranar 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan, wato ZATCA, ta wajabta fitar da fatura ta na'ura, kuma daga 1 ga Janairu 2023 aka shiga mataki na biyu rukuni-rukuni, inda fatura ke kasancewa XML, ko PDF/A-3 mai ɗauke da XML a cikinsa, kowace kuma tana ɗauke da tambarin wadda ta gabace ta, wato gajeriyar lambar shaida da ake lissafawa daga abin cikinta. Dokar harajin kayayyaki, wanda ya koma kashi 15 cikin 100 tun Yulin 2020, ta ce a riƙe irin waɗannan takardu aƙalla shekara 6.

Da farko a auna, a ga ko rumbun ne ya dace

Ba kowane fayil ne ya cancanci shiga tebur ba. A 2006 masu bincike uku, Russell Sears da Catharine van Ingen da Jim Gray, sun gwada wannan tambaya a kan SQL Server, suka gano cewa abin da bai kai kilobayit 256 ba ya fi sauri a cikin rumbu, abin da ya haura megabayit ɗaya kuma ya fi dacewa da zama a faifai kai tsaye, tsakanin biyun kuwa ya danganta da yawan karantawa da rubutawa. Na'urori sun canza ƙwarai tun lokacin, amma ma'aunin yana nan da amfaninsa: fatura da rasit da jerin sunaye ƙanana ne, suna shiga rumbu ba wahala, bidiyon lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jidda kuwa ba wurinsa ba ne nan.

Ka ɗauki fayiloli ashirin ko talatin da manhajarka ta fitar a makon jiya, ka duba girmansu, sannan ka yi lissafi. A misali, idan ofis yana fitar da fatura 200 a rana, kowace kilobayit 80, to megabayit 16 ke nan a rana, kusan gigabayit 6 a shekara, kimanin gigabayit 35 a shekara shida. Wannan ba komai ba ne ga PostgreSQL ko MySQL, amma wanda ke kan SQL Server Express na 2019 ko 2022, mai iyakar gigabayit 10 ga kowane rumbu, zai cika kafin ya rufe shekara biyu. Kada kuma a yi lissafin da watan Safar kawai, domin abin da ofishin Umra ke fitarwa a goman ƙarshe na Ramadan ya ninka na sauran lokuta nesa ba kusa ba.

Zaɓen nau'in ginshiƙi

Kowane rumbu yana da nau'in ginshiƙi, wato layin tsaye na tebur, da aka tanada domin ɗanyen bayit. A PostgreSQL sunansa bytea, yana ɗaukar har gigabayit ɗaya a gurbi guda. A SQL Server varbinary(max) ne, iyakarsa gigabayit 2. SQLite yana da BLOB, wanda a saitinsa na asali yake tsayawa a bayit biliyan ɗaya. MySQL da MariaDB ne ke buƙatar a buɗe ido, domin nau'insu huɗu ne: TINYBLOB bayit 255, BLOB bayit 65,535, MEDIUMBLOB kimanin megabayit 16, LONGBLOB gigabayit 4. Da yawa suna ganin sunan BLOB sai su zaɓe shi, alhali kilobayit 64 kawai yake ɗauka, kuma idan ba a kunna tsauraran saiti ba rumbun zai iya datse fayil ɗin ya ajiye guntunsa da ɗan gargaɗin da ba wanda zai karanta. MEDIUMBLOB ya wadatar da fatura da rahoto. Akwai kuma saitin max_allowed_packet, wanda ke iyakance girman saƙo ɗaya tsakanin manhaja da saba, wato kwamfutar da rumbun ke kanta. A MySQL 8.0 megabayit 64 ne, a 5.7 kuwa megabayit 4 kacal, kuma duk fayil ɗin da ya wuce shi za a ƙi karɓarsa komai faɗin ginshiƙin.

Kada a zuba fayil a ginshiƙin rubutu. Rumbu yana ɗaukar abin da ke wurin a matsayin haruffa, yana iya juya shi daga wani tsarin haruffa zuwa wani, PostgreSQL ma ba ya yarda bayit sifili ya shiga rubutu ko kaɗan. Masu mayar da fayil Base64, wato juya bayit su koma haruffa, domin su kauce wa wannan suna ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na girmansa ba tare da sun sami wata riba ba.

Gina tebur biyu maimakon ɗaya

Shawarata ita ce a raba bayanin fayil da abin cikinsa. Ga yadda za a yi a PostgreSQL, a kan cewa akwai teburin fatura da na ma'aikata tun da farko:

```
CREATE TABLE fayil_bayani (
  lamba bigint GENERATED ALWAYS AS IDENTITY PRIMARY KEY,
  lambar_fatura bigint REFERENCES fatura,
  suna text NOT NULL,
  iri text NOT NULL,
  girma bigint NOT NULL,
  tambari bytea NOT NULL,
  mai_fitarwa bigint NOT NULL REFERENCES maaikata,
  lokaci timestamptz NOT NULL DEFAULT now()
);

CREATE TABLE fayil_ciki (
  lamba bigint PRIMARY KEY REFERENCES fayil_bayani,
  abin_ciki bytea NOT NULL
);
```

Wanda ya san PostgreSQL zai iya cewa wannan rabo bai zama dole ba, tunda rumbun da kansa yana kwashe duk abin da ya haura kimanin kilobayit 2 zuwa wani ɓoyayyen tebur ta hanyar da ake kira TOAST, kuma gaskiya ya faɗa ta fuskar faifai. Sai dai dalilin rabon mutane ne, ba faifai ba. Duk ranar da wani mai rubuta manhaja ya sa SELECT *, umarnin da ke kwaso duk ginshiƙan tebur, domin ya nuna jerin fayilolin wata a allo, tebur guda zai jawo duk abin cikinsu ya turo ta waya, shafin da ya kamata ya buɗe nan take ya tsaya yana juyi. Rabon yana kuma ba da damar a bai wa akanta izinin ganin jeri ba tare da izinin buɗe fasfunan mutane ba, yana kuma sauƙaƙa kwafin ajiya, kamar yadda za a gani a gaba.

A ginshiƙin iri ana rubuta nau'in fayil yadda burauza ke fahimta, kamar application/pdf ko text/csv. Ginshiƙin lokaci kuma a bar shi timestamptz, kada a mayar da shi rubutu, kada kuma a ajiye kwanan Hijira shi kaɗai. A ajiye na Miladiyya, a riƙa juya shi zuwa kalandar Ummul Ƙura a lokacin nunawa. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka faturar da aka fitar ƙarfe ɗaya na dare a Jidda, lokacin da kasuwa ke ci a Ramadan, a wurin wakilin ofis na Kano ƙarfe sha ɗaya ne na daren jiya. Idan ba a ajiye lokaci da yankinsa ba, rahoton ƙarshen wata na ɓangarorin biyu ba zai taɓa daidaita ba.

Idan yawancin fayilolin PDF ne da Excel, waɗanda a matse suke tun asali, ana iya hana rumbun ɓata lokaci wajen sake matse su da ALTER TABLE fayil_ciki ALTER COLUMN abin_ciki SET STORAGE EXTERNAL. Idan CSV da XML suka fi yawa a bar saitin yadda yake, domin su suna matsuwa sosai.

Gyara fayil ɗin kafin ya shiga

Tunda abin da aka ajiye ba za a sake taɓa shi ba, dole ya fito daidai tun daga tushe, kuma a nan CSV ya fi kowa ba da wahala. Jerin matafiyan ofishin Umra yakan haɗa Larabci da boko, har da haruffa masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ da ɓ. A rubuta shi da UTF-8, a kuma sa bayit ukun nan EF BB BF a farkonsa, domin idan babu su Excel yakan ɗauka tsohon tsarin haruffan kwamfutar ne, wanda a Windows na Larabci shi ne 1256, sai sunaye su fito a hargitse. Ko da an yi wannan, Excel zai cinye sifilin da ke farkon lambar wayar Saudiyya mai farawa da 05, lambar haraji mai lambobi 15 kuma ya nuna ta a taƙaice da harafin E a tsakiya. Idan mutum ne zai buɗe fayil ɗin da idonsa, gara a fitar da xlsx a ayyana waɗannan gurabe a matsayin rubutu, a bar CSV ga abin da wata manhajar ce za ta karanta. Masu MySQL kuma su tabbatar teburin bayani yana kan utf8mb4, domin sunan fayil na Larabci ya zauna lafiya.

Shigar da fayil

Tsarin da ya kamata manhaja ta bi shi ne: ta haɗa fayil ɗin ta gama, ta karanta shi a matsayin ɗanyen bayit, ta ƙirga girmansa, ta lissafa tambarinsa da hanyar lissafin da ake kira SHA-256, sannan ta buɗe mu'amala guda, wato tarin umarnin da rumbu ke ɗauka a matsayin aiki ɗaya, da BEGIN, ta rubuta layin bayani, ta karɓi lambar da rumbu ya ba shi, ta rubuta abin ciki da wannan lambar, ta rufe da COMMIT. Sai bayan COMMIT ya yi nasara ne za a miƙa wa mutum fayil ɗin, kuma bayit ɗin da aka ajiye su za a miƙa, ba wani sabon da aka sake haɗawa ba. Wannan ita ce babbar ribar rumbu a kan folda: ko dai layin da fayil ɗin su shiga tare, ko kuma a fasa duka, ba yadda za a yi wuta ta ɗauke a tsakiya a wayi gari da suna babu fayil ko fayil babu suna.

Tambarin SHA-256 bayit 32 ne, idan an rubuta shi da tsarin heks, mai ba kowane bayit haruffa biyu, kuma haruffa 64, kuma sauya ko ɗigo ɗaya a cikin fayil yana sauya shi gaba ɗaya. A manhaja ake lissafa shi kafin a aika, ba a rumbu ba, domin idan rumbun ne ya lissafa bayan fayil ya lalace a hanya, zai buga wa lalataccen tambari ne kawai ya ce komai lafiya.

Wajen aikawa, a yi amfani da umarni mai gurbi, inda ake miƙa bayit daban da rubutun SQL. A Python, psycopg yana karɓar bayit kai tsaye a gurbin %s; a PHP ana ɗaure su da PDO::PARAM_LOB. Manna abin cikin fayil a jikin umarnin yana lalata shi, yana kuma buɗe ƙofar kutse. Akwai gajerun hanyoyi irin su LOAD_FILE a MySQL da pg_read_binary_file a PostgreSQL, amma su daga faifan sabar suke karantawa ba daga kwamfutar ma'aikaci ba, kuma suna buƙatar babban izinin da bai kamata manhajar yau da kullum ta riƙe ba. A kuma sa iyaka a manhaja, misali megabayit 10, domin bytea yakan shiga ƙwaƙwalwar na'ura gaba ɗayansa, kuma mutum goma da suka buɗe manyan fayiloli lokaci guda sun isa su durƙusar da ƙaramar saba.

Rufe ƙofar gyara

Asusun da manhaja ke shiga rumbu da shi a ba shi INSERT da SELECT kawai a kan teburan biyu, a hana shi UPDATE da DELETE. Idan aka yi kuskure a fatura, ba a goge ta. Ana fitar da takardar ragi ko ta ƙari mai nuni da ita, wanda kuma shi ne abin da ƙa'idar ZATCA ta tanada, sabuwar takardar ta shiga a matsayin sabon layi. Wannan mataki yakan gamu da turjiya daga masu ofis, domin sun saba da cewa a ɗan gyara a sake bugawa, amma ajiyar da kowa ke iya gyarawa ba ta da wani amfani ranar da aka nemi hujja.

Fito da fayil

Kafin a karanta abin ciki, manhaja ta fara tabbatar da cewa mai neman yana da haƙƙin ganinsa. Lambobin teburin a jere suke, kuma wanda ya ga adireshin da ya ƙare da 5120 zai iya gwada 5121, ya tarar da jerin lambobin fasfo da iƙamar mutanen da bai sani ba. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Satumban 2023 aka kuma fara cikakken aiwatar da ita a Satumban 2024 ƙarƙashin hukumar kula da bayanai ta ƙasar, wato SDAIA, ta shafi irin wannan sakaci kai tsaye.

Bayan tantancewa, a cikin bayanan da ake haɗa wa burauza tare da fayil, a aika Content-Type daga ginshiƙin iri, a aika Content-Length daga girma, a sa Content-Disposition ya zama attachment, sunan Larabci ko mai ƙugiya kuma a aika shi ta filename* da UTF-8. Idan fayil ya sauka ya ƙi buɗewa, ka buɗe shi da manhajar duba bayit ka kalli farkonsa: PDF yana farawa da %PDF, xlsx kuma da PK, tunda a zahiri ZIP ne. Sau da yawa za ka tarar da layi guda fanko ko saƙon gargaɗin PHP ya riga su fita, kuma wannan ɗan abin ya isa ya sa Excel ya ce fayil ya lalace alhali na cikin rumbu lafiyarsa lau.

Bincike da kwafin ajiya

Tun daga fitowa ta 11, PostgreSQL yana da sha256 a jikinsa, saboda haka umarni ɗaya ya isa a gano duk fayil ɗin da ya saɓa wa tambarinsa:

```
SELECT b.lamba, b.suna
FROM fayil_bayani b JOIN fayil_ciki c USING (lamba)
WHERE sha256(c.abin_ciki) <> b.tambari
   OR octet_length(c.abin_ciki) <> b.girma;
```

Amsar da ake so ita ce kada ko layi ɗaya ya fito. A MySQL ana yin haka da SHA2 da lamba 256, sai dai shi heks yake mayarwa, don haka a ajiye tambarin a irin wannan siga ko a juya shi kafin kwatantawa. Umarnin yana karanta kowane fayil, saboda haka a gudanar da shi a lokacin da ofis yake rufe, kamar safiyar Juma'a.

Wajen kwafin ajiya ne nauyin wannan tsari yake bayyana. A yi amfani da pg_dump -Fc, wanda ke matse abin da ya kwasa, domin idan aka fitar da kwafi a rubutu zalla kowane bayit yana komawa haruffa biyu, girma ya ninka. A MySQL a sa --hex-blob a umarnin mysqldump, don kada bayit su lalace idan kwafin ya bi ta hannun wata manhajar rubutu. Idan teburin abin ciki ya yi nauyi, ana iya ɗaukar ƙaramin kwafi akai-akai ta hanyar sa --exclude-table-data=fayil_ciki a umarnin pg_dump, amma a sani cewa wannan kwafin ba shi da fayil ko ɗaya a ciki, dole a haɗa shi da cikakken kwafi mai zaman kansa. Kowane wata kuma a ɗauki kwafin a dawo da shi a wata kwamfutar daban da pg_restore, a gudanar da umarnin binciken da ke sama a kansa, a buɗe fatura biyu ko uku da ido. Kwafin da ke ɗauke da fasfunan mutane a kulle shi da ɓoyayyen mabuɗi, kada a bar shi a filashin da ke yawo a aljihu, kada kuma a tura shi wa wakili a wata ƙasa kafin a duba sharuɗɗan da dokar ta gindaya kan fitar da bayanan mutane waje.

Idan wa'adin ajiya ya cika

Goge layuka da DELETE ba ya mayar wa faifai da fili nan take. PostgreSQL yana riƙe wurin ne domin sababbin layuka, VACUUM FULL da ke matse teburin kuma yana kulle shi har ya gama, yana buƙatar ƙarin fili kusan girman abin da ya rage. Wanda ya hango zai tara gigabayit masu yawa gara ya raba fayil_ciki shekara-shekara tun ranar farko, ta yadda idan wa'adi ya cika zai cire ɓangaren shekarar ɗungurungum cikin ƙiftawar ido. Yin haka yana buƙatar ginshiƙin shekara ya shiga cikin babban mabuɗin teburin, wato PRIMARY KEY, abin da ya fi sauƙi a tsara tun tebur yana fanko. Layukan fayil_bayani kuwa ana iya barin su, a ƙara musu ginshiƙin ranar gogewa, matuƙar sunan fayil ɗin bai ɗauke da sunan mutum ko lambar fasfonsa ba.

Idan kuma ofis ya bunƙasa har cikakken kwafi ya fara cin dare guda bai gama ba, ana kwashe abin ciki zuwa ma'ajiyar fayiloli ta daban irin mai tsarin S3 na Amazon, a ƙara wa fayil_bayani ginshiƙin adireshi. A kwashe su rukuni-rukuni, tsofaffi da farko, kowane fayil a sake karanto shi daga sabon wurin a gwada shi da tambarinsa da girmansa, sai wanda ya dace ne za a cire daga fayil_ciki, kuma da asusun mai kula da rumbu za a yi cirewar, ba da na manhaja ba.